Muryar Baudilio a Bakin Ƙofa

Kullum kafin Doña Eulogia ta sauke tukunyar tamal, ƙullin masara mai kama da alala da take sayarwa, sai ta goge ɗan allon nan na bakin ƙofar kufai da gefen mayafinta. Allo ne mai baƙaƙen ɗigo-ɗigo, wanda baƙi ke haska wa waya, murya ta fito tana ba su tarihin wurin. Ba aikinta ba ne. Ba kuma wanda ya hana ta.

Muryar ta ɗanta ce, Baudilio. Yana ɗalibi aka naɗe ta, don an ce maganarsa na fita tas. Daga baya ya bi hanyar arewa da samarin garinsu, neman aiki a ƙetare. Ya kira daga kan iyaka, ya ce gobe za su tsallaka. Shi ke nan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wayarta ƙarama ce, ba ta haska komai. Sai dai ta zauna tana ƙulla tamal a ganyen ayaba, ɗanta na magana daga hannun mutanen da ba ta sani ba. Ba ta ɗaga kai. A haka ta haddace sunan sarkin da ya gina wurin, da rafin da aka jawo duwatsu, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. Kowane lokaci muryar kan ƙare da cewa, "Mu hau sama, can zan ƙarasa muku."

Ba ta taɓa hawa ba, saboda gwiwa.

Don Cristino mai gadi kan tsokane ta. "Malama, yau me za a koya mana?"

"Rufe baki in ana tauna."

Wata rana ya zo ba tsokana. "Doña, an ce za a canza muryar ƙarshen wata. Ta inji za a sa, mai harsuna da yawa."

"To," ta ce, ta gyara wuta.

"Ga wayata," ya ce. "Akwai alluna har can sama."

Washegari ta bar wa maƙwabciya tukunya, ta ɗauki sanda. A allon tsohon filin ƙwallo ta ji Baudilio ya yi tuntuɓe a kan wani suna, ya ɗan yi dariya, ya sake faɗa. Ba ta san da wannan dariyar a ciki ba. Ta daɗe zaune a kan dutse. Da ta sauko, tambayarta kawai ko tamal ya ƙare.

Haka ta riƙa ƙara allo ɗaya in ƙafa ta yarda. Sai damina ta sauka, matakala ta yi santsi, gwiwar ta kumbura. Wata ya ƙare.

Har yanzu tana goge allon ƙofa, wata murya mai sanyi ta inji na fitowa. Sandar na jingine a bayan tukunya. Takan ce saura allon ƙololuwa, in kumburi ya sauka za ta hau. Don Cristino kan ce, "Ba gaggawa, Doña," ya ci gaba da tauna.