Kwamfutar da ba ta lafiya sai lokacin sallah

Shekarun baya, zamanin da soja ke mulki, ina da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada, nan Sakkwato. Kwamfuta ɗaya ce tal, 'yar gwanjo da yayana ya sayo min daga Legas, da firinta mai ƙara kamar keken ɗinki. A unguwar ana kirana injiniya, ni kuwa ban taɓa musu ba, alhali iyakar ilimina in kunna, in buga, in kashe.

Cikin masu kawo min aiki akwai wata Malama, Kirista ce 'yar Filato, tana koyarwa a makarantar firamare, tana kuma haɗa digiri. Aikinta na kammala karatu take kawowa babi-babi, ina bugawa, malaminta ya zo ya duba a allo ya yi gyara, mu gyara a cikin kwamfuta. Ba mu fitar da shi a takarda ba saboda muna jira a gama gyara a fitar gaba ɗaya. Rubutun hannunta kuwa, duk babin da na buga sai ta ba maƙwabciyarta mai ƙosai ta riƙa naɗe wa mutane. A lokacin mu duka mun ɗauka abin da ya shiga kwamfuta ya shiga ke nan har abada.

Ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, ita kuma an ce ta miƙa aikin da an dawo hutu ko ta maimaita shekara, sai kwamfuta ta fara wani hali. In na buɗe babi, sai ta yi ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, ta tsaya, ta rubuto cewa ta kasa karanta faifai. Na kashe na kunna. Na hure ta. Na ɗan mare ta a gefe kamar yadda ake yi wa rediyo. Ko a jikinta.

Na kira abokina da ya yi kwas ɗin kwamfuta a Kaduna. Ya zo ya saka wani abin duba faifai, allo ya cika da ƙananan akwatuna jere-jere, wasu daga ciki suna juyewa ja. Ya ce babban faifan da ke cikin kwamfutar, wanda ke riƙe da duk aikin, kamar gona yake an yanka shi kunya-kunya, kowane jan akwati kunya ce da ta lalace, abin da aka shuka a wurin ba ya karantuwa.

Na ce, "To mi ya lalata su?"

Ya ce ƙila zafi ne. Muka sa mata fanka biyu, ni ina zufa ita tana shan iska. Washegari jajayen suka ƙaru. Ya ce to ƙila ƙarancin wuta ne. Muka aro na'urar daidaita wuta, suka ƙaru. Ya ce ƙwayar cutar kwamfuta ce, ya bincika bai ga komai ba. Daga nan ya fara kallon agogo yana cewa ana jiransa a ofis.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ba kullum take ƙi ba. Da an kira azahar, in na ɗan tsaya kafin in yi alwala, sai ta buɗe babin da ta ƙi buɗewa tun safe, lafiya lau. In dawo daga masallaci, ta koma ƙas-ƙas. La'asar ma haka. Na faɗa wa abokina, ya ce in daina faɗin wannan a gaban mutane. Na faɗa wa mahaifiyata, ita ko mamaki ba ta yi ba.

"Abin da ka natsuwa in anka yi kiran sallah, ai ka san ko mi ne ne. Kai mata turare."

Wallahi na kai. Na tofa mata addu'a ma, bayan na leƙa na tabbatar babu mai wucewa.

Malama ta zo ran Alhamis ta same ni cikin hayaƙin turare. Ban iya ɓoye mata ba, na nuna mata jajayen akwatunan. Ta zauna a benci, ta ce, "Ƙanena, takardun nan fa an ci ƙosai da su. Ba ni da wani sai wanda ke cikin akwatin nan." Tausayinta ya kama ni, tsoro ma ya kama ni. Da yake ita ba azumi take ba, na ɗebo mata ruwa a kofi, ta ɗan kurɓa ta ajiye a kan teburin kwamfuta.

Ina zaune na zuba wa kofin ido don ba na iya kallon fuskarta, sai na ga ruwan yana rawa. Ba ya tsayawa. Na ɗora tafin hannu a kan tebur, na ji shi yana motsi dum, dum, dum.

Bango ɗaya ne tsakanina da masu bugun shadda. Tun da na kama shagon suke nan, suna shimfiɗa kaya a kan gungumen icce suna dukansa da manyan gudumomi har ya yi ƙyalli. Kunnena ya saba har na daina jin su. Ga Sallah ta matso, kowa ya kawo babbar rigarsa, sun ƙaro hannu, bugu tun safe har yamma. Ba sa ajiye guduma sai an kira sallah.

Na ruga na kira abokina. Ya dafa teburin, ya ce haba, allurar da ke karanta faifan ai gashi ɗaya ne tsakaninta da shi, kowane bugu sai ta karce shi. Na ce mu ɗauke kwamfutar mu kai gida. Ya ce kul, faifan da ya kai wannan hali, in aka jijjiga shi a kan babur ƙila ba zai sake tashi ba. A kwashe aikin a disket, ɗan faifan nan da ake sawa a cire, a inda take, cikin shiru.

Na shiga wajen babban masu bugun, dattijo ne, na yi masa bayani. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Ɗana, mu da muka bugun tuhwahi, mi ya haɗa mu da telebijin ɗinka? Satin Sallah ne. In munka tsaya, mutane su tai idi da mi?" Shiru mai tsawo guda ɗaya ya rage, shi ne lokacin Juma'a. Ni kuma ba zan bar Juma'ar ƙarshe ta azumi ba.

Malama ta ce, "To ni ai ba na zuwa Juma'a."

Matar da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Da safe na koya mata, ga inda za ki danna, in ta yi gardama ki danna wannan ta sake gwadawa, in disket ya cika ki sa wani. Ta gwada sau biyu a gabana. Na tafi masallaci, Allah Ya yafe min, rabin huɗubar ina roƙon kada a ɗauke wuta.

Da na dawo, unguwa tsit. Na leƙa wajen masu bugu, sai na gan su zaune, kowa da gudumarsa a cinya, ga kaya tsibi a gabansu. Dattijon na tsaye a ƙofar shagona, yana leƙen allo kamar mai duba mara lafiya.

"Malama, mu ci gaba?"

"Baba, saura kaɗan."

"To, a yi a hankali."

Duk babukan sun fita. Abu ɗaya ne ya faɗa cikin jan akwati ya tafi, shafin godiya. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in bari, wannan yana kanta, in buga ta faɗa min. Ta gode wa Allah, ta gode wa mijinta da malaminta. Sannan ta ce in ƙara: da masu bugun shadda na Tudun Wada, da suka ajiye aikinsu a satin Sallah.

Faifan bai kai bayan Sallah ba, ya mutu murus. Har yau ban iya bayanin abin da ke cikin kwamfuta ba, kuma har yau in tawa ta fara gardama, kafin in kira mai gyara sai na dafa tebur na saurari maƙwabta. Da na karanta wa dattijon layin nan nasu, ya sa na maimaita, sannan ya ce shi dai har yanzu bai gane abin da suka yi wa telebijin ɗin ba, amma tunda an sa su cikin littafin jami'a, in gaya wa Malama ta kawo zanenta na zuwa coci a buga mata.