Baba Jang da Mazan da Ba Sa Iya Zama

Kullum idan aka sallame sallar asuba a masallacin bakin titin Yalwawa, za ka tarar da wani dattijo a tsaye a gindin darbejiya, hannuwansa a baya, da takalmin kambas da ya sha wanki har ya koɗe. Ba salla ya zo ba. Kirista ne, mutumin Filato, jira yake mutanensa su fito. Wata rana su bakwai ne, wata rana su haura goma, ranar da aka yi ruwa kuwa sai ka ga uku. Sunansa Baba Jang. Ya fi shekara talatin yana aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a nan Dutse, watan jiya ya yi ritaya. Wannan fita ta asuba ba ta cikin aikinsa, ba wanda ya sa shi, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce masa sannu a kanta. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da rubutun nawa ba na masu karatu mai zurfi ba ne.

Idan sun haɗu sai su kama hanyar gindin duwatsu a ƙafa. Baba ba ya shiga gaba, a baya yake tafiya, yana kallon yadda kowa ke ɗaga ƙafa. Yana da ma'auni guda ɗaya. Ya ce idan ka haɗu da mutum a hanya ba ka iya gaishe shi tun daga ina kwana har zuwa yaya iyali, yaya mai jiki, ba tare da haki ba, to ka yi sauri, ka rage. A bakin kwalbati sai su tsaya, kowa ya dafa cikinsa ya ja numfashi a hankali har cikin ya taso, ya sake. Su juyo. Shi ke nan fa. Masu wucewa suna yi musu dariya, wai tattakin tsofaffi, alhali rabinsu ba su kai arba'in ba.

Abin da ya haɗa mutanen nan ciwo ne da ba wanda yake son faɗar sunan wurinsa. Zugi ne da raɗaɗi a matse-matsi, tsakanin gaba da dubura, kamar an ajiye garwashi. Idan mutum ya zauna ciwon ya tashi, idan ya miƙe ko ya kwanta ya lafa. Baba ya ce wata jijiya ce da ta bi ta ƙarƙashin ƙugu, zama yake danne ta, yunƙuri kuma yake fusata ta. To mu a nan duk abin da ya kama namiji daga cibiya zuwa gwiwa sunansa basir. In ba basir ba, sanyi. An gama bincike. Sai a tari mai mota da lasifika ranar kasuwa a sayo jarkar magani. Wallahi wannan abu yana ba ni haushi, don na ga abin da ya yi wa gidanmu.

Ni direban adaidaita ne. Ta dalilin yayana na san Baba. Yaya Sharhabilu tela ne, da keken ɗinki ɗaya yake riƙe da matarsa da 'ya'ya huɗu da Innarmu. Shekara biyu yana shan jiƙe-jiƙe. Ya rame, ya zama mai faɗa, ɗinkin da yake gamawa a yini sai ya kwana uku, don ba ya iya rabin awa a kan benci. In ka tambaye shi jiki ya ce lafiya lau, yana cije leɓe. Har ya fara maganar sayar da keken, wai ya huta. Ya huta ya ci me, ban sani ba.

Da ƙyar na sa shi a bayan adaidaita, a kishingiɗe, muka je asibiti. Likita ya duba, ya yi gwaje-gwaje, ya ce ba basir ba ne, ya tura mu wajen Baba. Baba ya tambaye shi ina ke ciwo, Yaya ya nuna baya. Ya sake tambaya, ya nuna cinya. Sai Baba ya kore ni waje ya rufe ƙofa. Ban san me ya ce masa ba, amma da suka fito Yaya yana share ido, Baba kuma yana cewa ai shi ne na uku mai irin ciwon tun safe.

Baba, kai ne ka gaya masa gaskiya tun ranar, cewa ciwon ba lalle ya tafi gaba ɗaya ba, amma ana iya zama da shi a ci abinci. Kai ne ka hana shi kwanciya yini guda, ka ce jikin da ba ya motsi ciwo yake ƙara ji. Kai ne ka koya masa ya kwanta rigingine ya jawo gwiwa a hankali, ya daina da zarar ya ji wurin ya fara magana. Ka ce ya sha ruwa sosai kada ya riƙa yunƙuri a bayan gida. Ka lissafa masa abubuwan da zai bari: hawa keke, tsallen kwaɗo, ɗaga nauyi, da duk abin da zai sa ya riƙe numfashi. Ka sa ya maimaita. Ina wurin, ya maimaita.

Wata huɗu yana bin tattakin asuba. Ya yi kyau, ya fara dariya, ya koma cin tuwo malmala biyu. Nan ne fa matsalar mazan garin nan take. Da sun ji sauƙi sai su ga kamar raina musu hankali aka yi. Akwai abokinsa Kamilu a Limawa, wanda ya cika gwangwanaye da siminti ya soke su da ƙarfe, matasa na zuwa bayan shagonsa suna ɗagawa. Kamilu ya ce masa motsa jiki in ba a yi gumi ba ai yawo ne. Yaya ya ari keke, ya tuƙa daga Yalwawa zuwa Limawa, ya ɗaga siminti, ya yi tsallen kwaɗo, ya tuƙo ya dawo. Kwana uku a jere. A na huɗu na same shi a kwance a ƙasan shago a kan tsummokaran yadi, ga azumi saura mako, ga kayan salla an fara kawowa. Ya riga ya aika wa wani tela da ya daɗe yana son keken ɗinkin cewa ya zo ya ɗauka.

Na je na ɗauko Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallonsa.

"Sharhabilu," in ji shi, "wata huɗu muna lallaɓa jijiyar nan ta yi barci, ka zo ka buga mata ganga a kunne."

"Baba, ai motsa jiki na yi."

"Na ce ka motsa. Ban ce ka yi dambe da ita ba."

Baba bai ƙara faɗa ba. Ya roƙe shi ya ɗaga maganar sayarwa zuwa mako biyu. Washegari ya zo da kafinta. Suka ɗora teburin yanka a kan bulo don Yaya ya riƙa yanka a tsaye. Suka sami kujera, Baba ya auna, kafinta ya fafe tsakiyarta daga gaba zuwa baya, aka manna soso a gefe da gefe, yadda nauyin mutum zai sauka a kan ƙashin zama, wurin ciwon kuma ya kasance a sarari. Ya saita masa waya ta riƙa ƙara duk minti ashirin, ya tashi ya je bakin titi ya dawo.

Ka ce an gama ko? Ina. Maƙwabtan shago suka leƙo suka ga kujera, suka sa mata suna masai. Mai shayi ya tambaya ko a kawo buta. Yaya ya tura ta ƙarƙashin tarin yadi ya koma bencinsa, yana ɗinki yana gumi yana nishi, don kada masu kawo kaya su gani. Mutum ya gwammace ya rasa sana'arsa da a ce an san inda ke masa ciwo. Na yi magana, ya ce in tafi in nemi fasinja.

Abin da Baba ya yi, duk layin sun gani. Ya zo da la'asar, ya zaro kujerar, ya kai ta bakin titi, ya zauna a kai ya harɗe hannu. Dattijo mai furfura, ma'aikacin asibiti. Duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi, duk wanda ya tambaya sai ya amsa da ƙarfi, da Hausarsa ta Filato, cewa kujerar masu ciwon zama ce, shi ya sa aka yi ta, in mutum yana da shi ya zo ya gwada. Aka yi dariya har aka gaji. Mai shayi ya zauna don tsokana ya tashi. Wani ɗan acaɓa shi ma ya zauna yana dariya, sai dariyar ta tsaya, ya daɗe bai tashi ba. Da zai tafi ya ja Baba gefe. Yanzu yana cikin masu fita da asuba.

Ranar da mako biyun ya cika, telan nan ya zo da igiya zai ɗaure keke. Ya tarar da Yaya a kan kujerar, a fili, yana ɗinka wuyan riga. Yaya ya ba shi haƙuri ya ce ya fasa. Bana bai karɓi kayan salla da yawa ba, ya mayar da wasu, ya gama na hannunsa ana jajibere. Ciwon yana nan, wata rana yakan tashi. Amma keken ma yana nan.

Da aka ce Baba ya yi ritaya, Yaya ya ɗinka masa kaftani na zuwa coci. Muka kai masa gida, Mama Martha matarsa tana ta yaba aikin wuya. Shi ko juya rigar bai yi ba, ya tambayi Yaya sau nawa ya tashi kafin ya gama ta. Yaya ya ce sau tara. Sannan ya sa hannu ya karɓa.

Baba, mun gode. Mun wahalar da kai, mun yi maka ƙarya, mun ce lafiya lau muna cije leɓe, ba ka gaji da mu ba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar cin ritayarka. Ku kuma ma'aikatan lafiya masu tasowa, ku koyi rufe ƙofa ku sake tambaya. Maza 'yan'uwana, direbobi da teloli da masu zaman ofis, in wurin nan yana maka zugi ka bar jarka ka je likita ya duba, ka nuna masa ainihin wurin. In an ce ka taka a hankali, ka taka a hankali. Baba ya ce ba zai koma Filato ba sai ya sami wanda zai riƙa tafiya a bayan mutanen nan. Mutumin ya yi shekara talatin bai zauna a garinsu ba. Don Allah wani ya fito.