Ka Tafi Ka Bar Ni

Ranar Litinin, tara ga watan Mayu, Kafinta ya fara zama a gaban mai saitin na'urar ji a asibiti, wata guda bayan aikin da aka yi masa a bayan kunnen dama. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kwamfuta, kujeru uku. Matarsa na kan ta ukun, ta rungume jakarta.

Shekara huɗu ke nan rabonsa da jin sauti, tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi. Kafin nan ba a wucewa ta ƙofar shagonsa ba a sha tsokana ba. Da ji ya tafi sai bakin ma ya bi shi. Ya koma yi wa masu sayen kujera nuni da yatsa, a gida kuma ya ci abinci ya juya wa kowa baya.

Mai saitin ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta rubuta masa bayani a allo: an zura siririyar waya can cikin kunnensa, inda ya naɗe kamar katantanwa, a jikinta akwai ɗigo-ɗigo, kowanne yana taɓa jijiyar ji da ɗan lantarki. Na'urar da ke maƙale a waje ita ke rarraba sauti ta aika musu. Ta kunna su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga hannu in ya ji, yana yamutsa fuska in ya yi yawa. Da matarsa ta yi magana, ya ce muryarta kamar ana jan zarto a kan kwanon rufi. Ta ce dama can bai taɓa yaba ta ba.

Cikin 'yan watanni kalmomi suka fara dawowa, sai dai duk a shimfiɗe suke zuwa masa, babu hawa babu sauka.

Wata safiya matarsa tana wanke-wanke a bakin famfo, ta ba shi baya, shi kuma yana saka takalmi. Ta jima tana magana, yana kama kaɗan, mai yawa na zubewa. Abin da ya shiga kunnensa sarai shi ne, "Ka tafi ka bar ni."

Bai tambaya ba. Ya daɗe yana ganin kansa kaya a kanta, dama jira yake ranar da za ta gaji. Ya ɗauki riga biyu da cajar na'ura ya koma shago, ya shimfiɗa katifa tsakanin katakai. Tana aiko abinci, yana ci, yana mayar da kwano babu saƙo. Ita kuma ta ɗauka fushi yake don ta yi ƙorafi, ta ce ba da ita za a fara bikon namiji ba.

Ranar komawa asibiti suka haɗu a ƙofa, kowa ya zo da ƙafarsa. Mai saitin ta tambayi gida, ya ce lafiya lau. Matar ta ce lafiyar ke nan, mutum ya ƙaura.

"Ke kika ce in tafi," in ji shi, idonsa a ƙasa.

"Ni? Cewa na yi ka tafi ka bar ni."

"To ga shi kin maimaita."

"Labari nake ba ka, Malam. Shekara huɗu ka tafi, ina magana da bango."

Mai saitin ta ajiye biro. Ta sa matar ta tsaya a bayansa ta faɗi wuya na jiki, sannan wuya ta wahala. Ya ce kalma ɗaya ya ji sau biyu. Sai ta yi musu bayani cewa tsarin da ta saka masa ya fi kula da fitar da baƙaƙe, bai cika ɗauko hawa da saukar murya ba, alhali a nan ne "ka tafi" na labari ya bambanta da "ka tafi" na kora. Akwai wani tsarin, in ji ta, wanda ɗigo-ɗigon da suka fi zurfi ke bin kaɗawar murya. Wasu yana taimakonsu, wasu a'a, ba ta yi alkawari ba.

Kafinta ya shiga juya hularsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda ya yi saurin yarda, kamar wanda aka buɗe wa ƙofar da ya daɗe yana kallo.

"Shekara talatin ina korarka da gaske ba ka motsa ba," matar ta ce, "sai ranar da ban kore ka ba."

A ranar ya koma gida. Sabon tsarin da aka saka masa ya sa masa ciwon kai na makonni, ya daure. Yanzu a ɗakin da babu hayaniya yakan raba muryoyin biyu, ba kullum ba. A titi ko kusa da injin yanka katako ba ya iyawa. In ya yi shakka yakan tsaya ya ce, "Umarni ne ko labari?" Har yau yana shagonsa, tsokanar ta dawo rabi, yana kuma zuwa saiti sau biyu a shekara tare da matarsa.