Ƙusa da Zare a Bangon Badi'a

Manfuha

Tun kafin assalatu Isuhu ya fara danna hon a ƙasan benenmu. Mutumin Maraɗi ne, direban kamfani, kuma bai taɓa yarda cewa maƙwabta na barci ba. Na sauko da burosaina na fenti a leda. Kafil, ubangidan da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye: iƙamata, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, masu fenti kuma sun yi masa yawa. Akwai wani gida a unguwar Badi'a da ake son zane a majalisarsa, wato falon baƙi. In mai kula da aikin ya karɓi hannuna, za a sabunta mini. In bai karɓa ba, sai Kano.

Na shekara goma ina zana bayan tirela kafin in zo Riyad, don haka na riƙa ba kaina baki cewa bango ai bango ne.

Mun yi sallah a hanya. Gaba kaɗan muka tarar da shinge. Ɗan sandan ya haska katin iƙamata, ya miƙo mini yana cewa saura kaɗan. Isuhu ya ce, "Ka ji ko? Har hukuma ta san zancenka."

Dira

Rana ta fito muna Dira. Muka karya da waken ful da gurasar tamis a bayan tsohuwar fadar Masmak, muka jira aka buɗe shaguna. Saƙon da aka ba mu shi ne garin kala, ja da rawaya da shuɗi, sai ƙwai kiret guda.

"Wanga aiki da daɗi yake," in ji Isuhu. "Hal da soyen ƙwai?"

Ni ma haka na zata.

Badi'a

Tafiyar ba nisa, cunkoso ne ya ci mana lokaci. A gidan muka sami mai kula da aikin, Ustaz Farid, wani dattijo Basiriye da ya koyi zane a Italiya, siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ya ce mai gidan yana son a zana masa baranda mai ginshiƙai, da gonar dabino, can ƙarshe kuma tsohon gidan ƙasa na mahaifinsa. Ba mutum, ba dabba. Ya miƙo mini gawayi ya ce, "Yalla."

Na zage na zana gidan ƙato a tsakiya, na jera dabinai kai ɗaya kamar 'yan fareti. A tasha haka muke yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ke cin fili.

Ustaz ya duba, ya yi dariya har da tari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai ya ciro waya ya nuna mini wani zanen mutanen Italiya na ɗaruruwan shekaru: baya duk zinariya, babban mutum ƙato, na gefensa ƙanana, kowa a shafe kamar an bi ta kansa da dutsen guga.

"Yayyenka ne waɗannan," ya ce.

Ya nuna na gaba. Nan riguna sun sami inuwa, mutane sun yi nauyi, ƙafafunsu sun taka ƙasa. A na uku kuwa tayil ɗin daɓe ya miƙe ya shige ciki, ginshiƙai na raguwa, har ka ji kamar ka tuɓe takalmi ka shiga.

"Su sun haura shekara ɗari kafin su kai nan. Kai kana da zuwa la'asar, ya sadiƙ."

Ba wasa yake ba. A ɗanyen shafe na farar ƙasa ake wannan zane, bango ya sha kalar yana bushewa, in ya bushe kuma ba gyara sai kankarewa. Shuɗi ne kaɗai ake bari sai daga baya, a dama shi da gwaiduwa. Isuhu ya ji haka ya fita yana salati.

Ustaz ya buga ƙusa ɗaya a bango daidai tsayin idona, ya ɗaura mata zare. Duk layin da ya nufi ciki, in ji shi, wurin ƙusar nan zai tafi. Mai shafe ya shafa rabon yini, na kama jan zare ina sa alama. Da na kai ƙarshen baranda, gidan mahaifin bai fi tafin hannuna ba. Na ce, "Ustaz, wannan ai raini ne. Gidan uban mutum fa!"

"Bi zare," ya ce.

Na bi, ba don raina ya so ba. Iskar Riyad ba ta barin danshi, bango na bushewa ina binsa a guje. Ko abincin rana a tsaye na ci.

Bayan la'asar mai gidan ya shigo da sandarsa, tsoho tukuf. Ya tsaya yana duban bangon. Ni dai na riga na fara tunanin tsarabar da zan kai Kano. Can ya nuna ɗan gidan da sandar, ya yi magana a hankali. Ustaz ya juyo ya ce mini, "Wai haka yake ganinsa yanzu. Yana nan, amma da nisa."

Sannan ya miƙo mini kiret ɗin ƙwai. "Gobe shuɗi. Kada direbanka ya taɓa."

Komawa

Mun iso Manfuha ana kiran magariba. Kafil ya bugo ya ce in kawo iƙama ofis da safe. Na gode wa Allah, na gode wa Ustaz Farid, da Isuhu da ya yini a mota yana jimamin ƙwai.

A ɗakinmu akwai gidanmu na Kano da na zana a kwali tun zuwana, ƙato, zaure ya cika takarda, ba hanya ba nisa. Isuhu ya leƙo ya ce, "To, malamin zare, sai a gyara wanga ma."

Na ce a'a. Wannan a bar mini shi yadda yake.