Itacen Jego A Gidan Da Ba A Haihu Ba

Wata rana, a taron zumuntar mata na cocinmu, wata 'yar'uwa ta ɗaga hannu a lokacin ba da shaida.

Ba zan faɗi sunanta ba. Waina take sayarwa a bakin tasha, kuma kullum a bencin baya take zama.

Ta miƙe tana dariya.

Ta ce, "Kotu ta ba mu yarinyar. Ranar Asabar za mu ɗauko ta."

Jama'a, ban san lokacin da na tashi tsaye ba.

Matar nan ta fi shekara goma da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Asibiti sun je, azumi sun yi, addu'a kuwa ba a magana.

Sai wata Kirsimeti muka kai kayan abinci wani gidan marayu a Jos. A can ta ɗauki wata jaririya wadda uwarta ta rasu wurin haihuwa, kuma ba wanda ya zo nemanta.

Da kyar muka raba su ranar.

Tun daga nan ba ta sake samun sukuni ba. Ta sauke tanda, ta hau mota, sai Jos. Ofis ya yi ta yi mata je-ki-dawo. Dangin miji suka ce ɗan wani ba ya zama naka.

Ita dai amsarta ɗaya ce: Ubangiji ne ya sa mata yarinyar a zuciya, ba ita ta sa ba.

Yanzu ga shi an ba ta. Yarinyar har ta fara tatata.

Muna cikin tafi, sai ta rage murya.

Ta ce, "Ina da roƙo ɗaya. Za ku zo mini barka?"



Ga wanda bai sani ba, a wurinmu idan mace ta haihu, zumunta gaba ɗaya ke zuwa gidanta. Kowa da ƙullin itace na dafa ruwan wankan jego. A zo da sabulu, a zo da gero na kunun kanwa, a buga tulu, a rangaɗa guɗa a ƙofar gida.

Da wannan guɗar unguwa ke sanin an yi ƙaruwa.

Yaron da ba a yi wa ita ba, haka zai tashi ana nuna shi da baki, ana raɗa ɗan tsintuwa ne. Abin da take gudar wa yarinyar ke nan.

Kuma matar nan, ba gidan da ba ta kai itace ba. Ita ce ta fari a zuwa, ita ce ta ƙarshe a wanke tukwane.

Sai wata daga cikinmu, Maman Ishaku, ta gyara zama.

Ta ce, "Murna dai muna taya ta. Amma barka ai ta mai jego ce. Itacen na wankan wa? Wace naƙuda ta yi?"

 Kun san bakina ba linzami, har na buɗe shi.

Mama Tabita, uwar zumunta, ta ɗaga mini hannu. Tsohuwa ce mai sanda, ba ta cika magana ba.

Ta dubi Maman Ishaku.

"Ke 'yata, naƙudar Ishaku ta kai yaushe?"

"Wuni guda, Mama."

"To tata ta fi shekara goma. A gaban bagaden nan ta yi ta, muna kallo. Yau ta sauka, sai mu ce ba mu gani ba?"



Mama ta ƙara da cewa mu kanmu 'ya'yan riƙo ne a gidan Allah, Yesu ne ya shigo da mu, kuma ba a ajiye mu a zaure ba.

Ta buga sandarta a ƙasa ta ce kowa ta nemi itace.

Ranar Asabar kuwa, ina ma kuna wurin!

Mata a jere cikin zanen zumunta, kowa da ƙulli a ka, tun daga coci har bayan tasha. 'Yan acaɓa suna tsayawa suna tambaya wa ta haihu. Mu kuma muna ba su amsa da waƙa.

Maman Ishaku tana tsakiyarmu, tulu a hannunta. Ita ta fi kowa iya buga shi, kuma ranar ba ta yi masa da wasa ba.

Muna isa muka rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito.

Mun tarar da 'yar'uwar tamu zaune a tabarma, yarinyar a cinyarta sanye da sabuwar riga, tana kallonmu da manyan idanu. Salama suka sa mata. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa, baki ya ƙi rufuwa, ya rasa wa zai fara gaisarwa.

Kafin ka ce kwabo tsofaffi sun haɗa murhu, sun ɗora tukunya.

Matar ta ce, "Mama, wankan fa? Ni da ban..."

Wata tsohuwa ta tare ta. "Ba ke za ki koya mana aikinmu ba. Wanka sai kin yi, kunu sai kin sha."

Haka suka ja ta bayan ɗaki da ruwan zafi da ganye. Muna jiyo ta tana ihun zafi tana dariya, mu kuma muna karɓa-karɓa da Salama. Na yi rawa ranar har ɗankwalina ya faɗi, ban ma tsaya ɗauka ba.

Da ta fito, aka zaunar da ita, aka miƙa mata ƙwaryar kunu, aka ɗora mata 'yarta.

Mama Tabita ta dogara sanda ta zo gabanta.

Ta ce, "Barka da sauka lafiya, mai jego. Allah ya raya."



Gaisuwar da matar nan ta yi shekaru tana yi wa wasu ce. Ba a taɓa yi mata ba.

Hawaye suna zuba cikin kunu, ta ce, "Mama, don Allah ki sake faɗa."

Mama ta juyo ta dube mu.

Sai muka faɗa mata gaba ɗaya, da murya ɗaya, har Salama ta tsorata ta ƙanƙame uwarta.

Ina rubuta wannan idona na kawo ruwa.

Darasi:

Ba ta ciki kaɗai Allah yake ba da ɗa ba. Idan wani ya buɗe gidansa ga yaron da ba shi da kowa, kada ka tsaya tambayar wa ya haife shi. Ɗauki itacenka ka je, zumunci a ƙafa yake.

Ka tura wa wadda ke jiran tata barkar. Ka kuma tura wa zumuntar cocinku, su fara tara itace.