Victoria 'yar gidan Pang

Pang Guilan ta fi shekara ashirin tana gadin ɗakunan kwanan 'yan mata a wata makarantar koyon jinya a Guangzhou. Mijinta ya mutu tuntuni, bai bar mata komai ba sai tsohon keke da ƙanensa mai roƙon taba. Kowa a makarantar yana da sunan Turanci, har mai shara. Ita ta ɗauko nata a jikin kwalin sabulu: Victoria.

Shekarar da aka kai ɗalibai yawon ilimi Penang, aka haɗa su da ita don ta hana su lalacewa. Su kuwa suka ga ita ce ke bukatar taimako. Shugabarsu wata mai baki ce da ta raɗa wa kanta Apple.

"Goggo," in ji Apple ga Guilan, "kin ga direbanmu Raymond? Matarsa ta rasu, gidansa nasa ne, haƙoransa ma nasa ne."

"Ke kika ƙirga masa su?"

"Ƙawata Yoyo ce ta ba shi rake."

Raymond Basine ne haifaffen can Malaysia, kakanninsa suka zo daga ƙasar Sin a jirgin ruwa. 'Yan matan suka riƙa cika kujerun baya da jakunkuna, dole Goggo ta zauna gaba. Ta zage su, amma ta zauna. Kafin mako ya ƙare ta sayi jan-baki, shi kuma yana ɓare mata lemo a duk inda aka tsaya. Guilan ba ta yaudari kanta ba: tana son mutumin, kuma ta gaji da cin abinci ita kaɗai a bakin ƙofa.

Ana saura kaɗan su koma, ya kai ta gaida mahaifiyarsa, Apple na biye a matsayin 'yar rakiya. Suka tarar da tsohuwa tana fasa ƙaguwa da haƙori.

"Victoria ba suna ba ne," in ji ta. "Karyar maƙwabta ma Victoria ce. 'Yar gidan wa?"

"Gidan Pang."

Tsohuwa ta ajiye ƙaguwar. Raymond ya tsura wa shayinsa ido. Shi ma Pang ne. Mako guda ana Raymond ana Victoria, babu wanda ya tambayi sunan gidan wani. A wannan gida kuwa, masu sunan gida ɗaya 'yan'uwa ne ko da teku ta raba su, ba sa aure.

"Kaka, masu wannan sunan fa sun fi miliyan," in ji Apple.

"Duk 'ya'yana ne."

Guilan ta juya ga Raymond. "Kai me ka ce, ɗan'uwa?"

Ya sosa ƙeya, ya rage murya. "Mama ta tsufa. Mu ɗan jira."

Guilan ta dubi tsohuwar, wadda ta riga ta jawo ƙaguwa ta biyu.

"Wannan ita za ta binne mu duka," ta ce. Ta cinye abincinta tas, don ba laifin abincin ba ne, ta tashi.

Apple ta yi ta kuka a jirgi har sai da Goggo ta ce ta rufe mata baki, ba ita aka ƙi ba.

Guilan tana nan a bakin ƙofarta. Duk sabuwar shekara Raymond yana aiko mata da busasshen mangwaro da labarin lafiyar Mama. Bara ya ce tari ya kama ta sosai, an kira 'yan'uwa, amma ta warke.