Akwatin Zafin da Na Zaɓa wa 'Yar Farina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuto muku ita, kuma ku yi mini afuwa in rubutun ya karkace, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. A lokacin da abin ya faru ni mace ce da unguwarmu ta Farsha ta sani da haƙuri da kunya. A nan Injamena aka haife ni, kakanninmu hanyar Makka ce ta ajiye su. Ba a taɓa jin muryata ta katanga ba, kuma ina jin daɗin yabon da ake mini a kan haka. Babbar 'yata kuwa, tunda 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Mahaifiyata ce ta raine ta, ita ke mata kitso, ita ke jin damuwarta, ni sai dai daga nesa.

Da ta haihu haihuwar fari aka kawo ta gida wanka, mahaifiyata ta riga ta rasu, don haka nauyin ya dawo kaina. Tun ranar da ta iso mijinta ya durƙusa ya shaida mini cewa jininta ya hau a ƙarshen cikin, likita ta hana ta tafasasshen ruwan jego da kunun kanwa, ta kuma hana ta zaman dukhan, wato turara jiki da hayaƙin itace a lulluɓe da bargo, yadda muka koya wurin maƙwabtanmu Larabawa. Na ce masa to. Amma mata masu zuwa barka ba su bar ni ba. Wannan ta leƙa bayan ɗaki ta tambaya ina tukunyar wanka, waccan ta ce ashe ɗanya zan mai da musu yarinya, sanyi ya kama ta har tsufa. Dariya nake yi ina ba su shayi, amma maganar na cina.

Wata maƙwabciyata ce ta ba ni labarin na'urar da ake kira sauna, irin wadda fitilu ke gasa jiki, babu ruwa babu hayaƙi. Sai na ce a raina ai ruwa da hayaƙi likita ta hana, ba ta ambaci wannan ba. Ban shawarci kowa ba na hau kilando, wato babur ɗin haya, zuwa unguwar Ngeli, shagon wani Bakano da ke shigo da kaya ta Kusiri, garin da ke tsallaken iyaka. Ya nuna mini iri uku. Akwai ɗakin katako mai ƙofar gilashi, wanda ya ce wutar gidanmu ba za ta ja shi ba. Akwai mai kama da bargo da ake shiga a kwanta. Akwai kuma wani kamar ƙaramin tanti da kujera a ciki, mutum ya zauna a ja zip, kansa kaɗai ke waje.

Ba zan ɗora wa bawan Allahn nan laifi ba. Kafin ya ce komai sai da ya tambaye ni, "Hajiya, wa zai riƙa shiga? Don ba kowa ya kamata ba." A nan na yi kuskuren farko. Ta yaya zan buɗe baki gaban namiji baƙo in yi zancen jego, jegon ma na 'yar fari? Na sunkuyar da kai na ce ni ce, gwiwoyina ke ciwo. Ya yi mini zolaya cewa da wannan tafiyar tawa ko 'yan mata sai su yi da gaske, ya zaɓa mini mai kujerar saboda tashi ba wuya. Ya ce in fara da ɗan lokaci kaɗan, in sha ruwa sosai, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara tambayar likita. Na ji shi sarai. Duk da haka na karɓi kayana na fito.

'Yata ba ta yi mini musu ba, don ba ta saba ba. Ta dai kalli abin, ta tambaya a hankali ko ba za mu jira mijinta ya gani ba. Na ce maganar mata ce. Da hantsi ne, cikin zafin watan Afrilu, jaririyar na kwana goma sha wani abu. Na zaunar da ita na ja zip na kunna. Mu da muka saba gane zafi da tururi da hayaƙi, sai na ga abin shiru, ba huci, ba ƙamshi. Na taɓa jikinsa na ji ɗumi-ɗumi kawai, na ce an cuce ni. Na murɗa shi har ƙarshe, na ɗauko shamlar mahaifiyata, bargon ulun nan mai nauyi da take rufa wa mata a dukhan, na lulluɓe tantin har wuyan yarinyar. Ta roƙi ruwa, na ce maijego ba ta shan ruwa a kan zafi, in ta fito ga kunu.

Mahaifiyata in tana gasa mace ba ta matsawa ko taku ɗaya, idonta na kan fuskarta, hannunta na kan goshinta. Ni kuwa kunya ta hana ni zama in zuba wa 'yar farina ido. Na ɗauki jikata na fita tsakar gida na janyo ƙofa. Can na ji ta ce, "Inna." Na ce ta daure, haka kowace mace ta yi. Ta sake cewa, "Inna, kaina," da wata murya ƙasa-ƙasa. Na ce ta yi haƙuri, saura kaɗan. Ina jijjiga jaririya har ina jin daɗi a raina cewa yau na fita kunyar unguwa. Daga nan ba ta ƙara kira ba, ni kuma na ɗauka haƙurin ta yi.

Abin da ya cece ta shi ne ɗauke wuta da aka yi. Na ga fankar zaure ta tsaya, na shiga don in ce ta fito. Na tarar kanta ya langaɓe gefe, leɓunanta sun bushe, idanu a juye. Na fizge shamlar, zip ɗin ya ƙi, na yage shi da hannu. A ranar ce, tun da na haife ta, na fara kiran sunanta. Na kira shi da ƙarfin da maƙwabta suka shigo a guje, wasu ba su ma gane muryata ce ba. A motar wani mai fataucin shanu muka kai ta asibiti.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ruwan jikinta ya ƙare, ga maganin hawan jinin da take sha, ga zuciyar da ciki ya riga ya gajiyar. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma nononta ya ɗauke, da madarar gwangwani jikata ta girma, kuma har yau in ta hau matakalar ofishinsu sai ta tsaya ta huta. Surukina bai taɓa tayar da maganar ba, yana gaishe ni yadda ya saba. Ita ma magana ɗaya ta yi, ranar da ta farfaɗo ina zaune bakin gadonta. Ta ce, "Inna, kamar a mafarki na ji kin kira sunana. Da gaske ne?" Na ce da gaske ne. Ta yi murmushi ta rufe ido, ni kuwa na juya bango na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar mahaifiyata.

'Yan uwana mata, ban rubuto don in ɓata na'urar nan ba, wataƙila tana da amfani ga wanda ta dace da shi. Amma in za ku saya, ku faɗi gaskiyar wanda zai shiga, ku tambayi likita, kada ku auna zafinta da idon da muke auna tukunya, kada ku rufa mata komai, kada ku hana ruwa, kuma kada ku bar mutum shi kaɗai a ciki. Na ɗauki hayaniyar masu barka da muhimmanci fiye da muryar 'yata, na ɗauki bargon mahaifiyata na bar zaman da take yi kusa da mace. Yanzu sunanta nake kira, a gaban kowa, masu cewa na zubar da kunya su yi ta faɗa. Kuma duk inda nake, ko a kan sallaya na sallame, in na ji ta ce "Inna", ba na amsawa daga nesa. Tashi nake in je.